Castle Acre a Hannun English Heritage: Ganuwa Kyauta, Kangon Sufaye da Kuɗi

English Heritage ƙungiya ce da ba ta neman riba, wadda take kula da wuraren tarihi sama da 400 a Ingila, kuma fiye da rabinsu ana shiga ne ba tare da an biya ko kwabo ba. A ƙauyen Castle Acre da ke gundumar Norfolk, a gabashin ƙasar, wurare uku ne a hannunta: kufan wata fadar yaƙi da ganuwarta ta ƙasa, da tsohuwar ƙofar gari, da kuma kangon gidan sufayen Kirista. Fadar da ƙofar a buɗe suke ga kowa muddin akwai hasken rana, gidan sufayen ne kaɗai ake yankar tikiti kafin a shiga. A ganina, wanda ya ɗauki ɗawainiyar zuwa wannan ƙauye ba zai yi da-na-sani ba, sai dai ya kamata ya san tun daga gida cewa hidimar ta fi karkata ga ɓangaren da ake biyan kuɗi, alhali abin da ya fi cancantar tafiyar yana ɓangaren kyauta, inda babu ma'aikacin da zai tarbe shi ya yi masa bayani.

Ƙauyen yana bakin wani ƙaramin kogi mai suna Nar, kimanin mil 4 arewa da garin Swaffham, a daidai inda tsohuwar hanyar Rumawa da ake kira Peddars Way ta ƙetare ruwan. Wannan mashigi shi ne dalilin zaɓen wurin. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sabon sarki ya raba ƙasa ga manyan jarumansa, kuma William de Warenne, wanda aka yi yaƙin Hastings da shi, yana cikin waɗanda suka sami kaso mafi tsoka, da filaye a gundumomi sama da 10. A shekarun 1070 ya kafa gidansa na Norfolk a nan. Matarsa Gundrada a nan ta rasu wajen haihuwa a 1085, shi kuma ya bi ta a 1088, jim kaɗan bayan an naɗa shi sarautar Surrey.

Daga ɗan ƙaramin filin ajiye motoci, abin da ido yake fara gani shi ne tudun ƙasa da ciyawa ta lulluɓe, da gwalalo mai zurfi a gindinsa. An kasa fadar gida uku. Akwai farfajiyar ciki a can sama ta arewa, kewayayyiya, wadda ita ce zuciyar tsaron. Akwai farfajiyar waje mai faɗi da ta gangara kudu wajen kogi, inda har yanzu ake iya gane shatin harsashin babban zaure da na ɗakin girki a ƙarƙashin ciyawa idan an kalle su daga sama. Sannan akwai wani ƙaramin shinge ta gabas da aka yi domin tare mashigar wannan ɓangare. Kowanne yana da ganuwarsa da raminsa. Ƙasar da aka haƙo daga ramin ita aka tula aka yi ganuwar, saboda haka kowane kwando guda ya yi aiki biyu, ya ƙara wa ramin zurfi ya kuma ƙara wa tudun tsawo. Mutum ba ya fahimtar girman wannan aiki sai ya sauka cikin gwalalon ya ɗaga kai, ya ga gangaren da ko babu mai harbinsa daga sama da ƙyar zai haye shi da ƙafa ba tare da ya dafa ƙasa ba. Duk wannan da hannu aka yi shi, da kwando da shebur na katako, kuma talakawan yankin da aka ci da yaƙi ne suka ɗauki nauyin.

An kafa matakalai da gadoji na katako domin masu ziyara, kuma wannan na daga cikin abin da na yaba. Ba a cusa su ta yadda za su rufe siffar wurin ba, amma sun wadatar wajen hana mutane hawa ta ko'ina. Ƙafar ɗan Adam babbar abokiyar gaba ce ga ganuwar ƙasa, domin inda aka yawaita takawa ciyawa takan mutu, inda ciyawa ta mutu kuma ruwan sama yakan sami hanya ya fara zaizaye ƙasar. A wasu wurare ana ganin sawun da masu yanke hanya suka fitar, farin allin da ke ƙarƙashi ya bayyana, wanda ke nuna cewa ba kowa ne yake bin matakalar ba.

Idan aka kai ƙololuwar farfajiyar ciki, abin da ake tararwa ya saɓa wa zato. Maimakon a ɗaga kai a ga hasumiya, sai a sunkuya a ga ginin a ƙasa, zaune a tsakiyar tudun kamar tuwo a cikin akushi, ganuwa ta kewaye shi ta kuma fi shi tsawo. Bayanin wannan ya fito ne daga tonon da Jonathan Coad da Anthony Streeten suka jagoranta a shekarun 1970. Sun gano cewa abin da aka fara ginawa ba gidan yaƙi ba ne, gidan zama ne na dutse mai hawa biyu, da ƙofa a ƙasa da tagogi, kewaye da wata 'yar ganuwa da ba ta taka kara ta karya ba. Gida ne na mai arzikin da ba ya jin tsoron kowa, kuma gidan zama na dutse a Ingilar wancan zamani abu ne da ba kasafai ake gani ba. Da rikicin gadon sarauta ya ɓarke tsakanin Sarki Stephen da 'yar kawunsa Matilda bayan 1135, ƙasa ta rikice, sai magadan Warenne suka shiga mayar da gidan mafaka. Suka ninka kaurin bangon ta hanyar gina wani a jikinsa daga ciki, suka ƙara wa ganuwar tudu, suka ɗora katangar dutse a kanta. Daga baya suka rage burin, suka rushe rabin ginin na kudu, suka tattara ƙarfinsu kan ɗaga rabin arewa ya zama hasumiya. Duk wannan yana nan a rubuce a jikin dutsen ga wanda ya san inda zai duba: layin da tsohon bango da sabon suka haɗu yana nan a fili, ana iya bin sa da ido, kuma bangon da ya raba gidan gida biyu yana tsaye. Wurare kaɗan ne a ƙasar za a ga yadda tsoro ya sauya fasalin gida ɗaya cikin shekarun da ba su kai 80 ba.

A nan ne nake ganin hidimar ta gaza abin da wurin ya cancanta. Akwai allunan bayani, an rubuta su da Turanci mai sauƙi, da zanen yadda ake jin fadar take a zamaninta, kuma abin da ke cikinsu daidai ne. Amma allo ba ya amsa tambaya, kuma labarin gidan da ya rikiɗe ya zama hasumiya yana buƙatar wanda zai nuna da yatsa ya ce ga tsohon ga sabon. Yawancin masu zuwa sukan hau, su ɗauki hoto, su kalli kwarin kogin, su sauka cikin ɗan lokaci ba tare da sun san abin da suka tsaya a kansa ba. Na'urar saurare mai yi wa baƙo jagora, da shago, da ɗakin nunin kayan da aka tono, da ma'aikata, duk suna can ɓangaren gidan sufaye. A fadar babu makewayi, babu rumfar fakewa idan ruwa ya sauko, kuma a Norfolk ruwa da iska ba sa yin sallama. Ana iya fahimtar dalilin, domin tun da aka raba tsohuwar hukumar gwamnati mai kula da kayan tarihi gida biyu a 2015, aka bar wa Historic England aikin doka da rajista aka kuma mayar da English Heritage ƙungiyar da za ta riƙa ɗaukar nauyin kanta, kuɗin tikiti da na mambobi da na shago su ne ke riƙe da wuraren da ba a biya. Ke nan tikitin gidan sufaye yana cikin abin da ake yanke ciyawar fadar da shi. Duk da haka, faɗaɗa bayanin na'urar sauraren ya game ƙauyen gaba ɗaya, ko sanya shi ta yadda mutum zai saurara a wayarsa yana tsaye a kan ganuwa, ba abu ne da zai fi ƙarfin ƙungiya irin wannan ba.

Yankan ciyawar da na ambata ba ƙaramin aiki ba ne, shi ne ma ainihin hidimar. Ganuwar ƙasa ba ta buƙatar fenti ko rufi, abin da take buƙata shi ne gajeriyar ciyawa mai kauri wadda saiwarta za ta riƙe ƙasa. Idan aka yi sakaci, sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa sukan mamaye ta, su rufe siffarta, saiwoyinsu su farfasa abin da ke binne, sannan idan iska ta tumɓuke itace sai ya tafi da gungumen ƙasa. Zomaye sukan haƙa ramuka su rarake gangaren daga ciki. Akwai kuma wata dabba mai kama da dage da ita ma take haƙa, wadda wata doka ta 1992 ta ba kariya, ta yadda mai kula da kayan tarihi ba shi da ikon korar ta sai da lasisi. A Castle Acre an riƙe wannan ɓangare da kyau: layukan ganuwar a bayyane suke daga kowace kusurwa, kuma guntayen katangar da suka rage, waɗanda aka gina da dutsen ƙyastu da farar ƙasa, an ɗaure su ta yadda ba za su ci gaba da zubewa ba, ba tare da an sake gina abin da ya riga ya faɗi ba. Wannan tsari na adana abu yadda aka same shi tsohuwar al'ada ce ta masu kula da kayan tarihin Ingila, kuma ina goyon bayanta, ko da yake tana sa baƙo ya yi aikin hasashe da kansa.

Kariyar doka da wurin yake da ita iri biyu ce, kuma yana da amfani a bambanta su. Ta farko ita ce shigar da wuri cikin rajistar wuraren tarihi na ƙasa, wadda asalinta dokar 1882 ce, a yau kuma dokar 1979 ce ke tafiyar da ita. Wurare kusan 20,000 ne a rajistar a Ingila, da yawansu tudun ƙasa ne kawai a tsakiyar gonar wani. Shiga rajista ba ya ƙwace fili daga hannun mai shi, ba ya kuma ba jama'a izinin shiga, abin da yake yi shi ne ya haramta tono ko gini ko rushewa sai da izinin gwamnati a rubuce. Amfani da na'urar gano ƙarfe a irin wannan wuri ba tare da izini ba laifi ne, lalata shi da gangan kuma yana iya kai mutum gidan yari. Dokar tana da gibi, domin a gonakin da aka saba nomawa tun kafin a yi musu rajista an bar manomi ya ci gaba da huɗa bisa wasu sharuɗɗa, kuma garmar tarakta tana cikin manyan abubuwan da ke cinye irin waɗannan wurare a karkara. Kariya ta biyu ita ce riƙon amana, inda mai fili yake riƙe da mallakarsa amma ya miƙa kulawa da gyara ga hukuma, jama'a kuma su sami damar shiga. Castle Acre tana da duka biyun. Filin ya shiga hannun Sir Edward Coke a 1615, kuma zuriyarsa, masu sarautar Leicester da ke zaune a Holkham, su suka miƙa gidan sufayen ga riƙon gwamnati a 1929, fadar kuma a 1971.

Waɗannan shekaru suna nuna wani abu da allunan ba su tsaya a kansa ba. Warenne na ƙarshe ya rasu a 1347 ba tare da halastaccen magaji ba, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni fadar ta riga ta zama kango. Ke nan ta yi sama da shekara 500 babu mai kula da ita kafin hukuma ta karɓe ta. A tsawon wannan lokaci mutanen ƙauyen sun kwashe duk wani sassaƙaƙƙen dutse mai amfani suka yi gini da shi, kuma mai lura zai ga irin waɗannan duwatsu a jikin wasu tsofaffin gidaje da katangun ƙauyen. Ƙasar ce ta tsira, saboda babu wanda yake da buƙatar ɗibanta, kuma garin da Normawa suka shata bai taɓa bunƙasa har ya matse ta ba. Wanda ya san ganuwar Kano zai ga bambancin nan take. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta, wato ita da ganuwar Castle Acre kusan sa'o'in juna ne. Amma Kano ta ci gaba da zama birni mai cika da batsewa, kowane taku na fili yana da mai nema, ita kuwa Castle Acre ta koma ƙauye. Ba na rage wa dokar Ingila daraja, amma ta zo ne ta tarar da abin da rashin matsi ya riga ya adana.

Daga ƙofar yamma ta fadar ana faɗawa cikin tsohon garin kai tsaye. Shi ma yana da tasa ganuwar da gwalalo, kuma titunansa suna bin shatin da aka yi musu tun ƙarni na 12. Ƙofar arewa, wadda ake kira Bailey Gate, an gina ta wajajen 1200, da hasumiyoyi biyu kewayayyu na dutsen ƙyastu, kuma har yau hanyar ƙauyen ta tsakaninsu take bi. Babu abin da za a daɗe ana kallo a nan, amma ya kamata a tsaya a gefe a lura da motoci, domin mashigar ƙunci gare ta.

Gidan sufayen yana yamma da ƙauyen, tafiyar 'yan mintuna a ƙasa, bayan an wuce cocin St James. Iyalan Warenne ne suka kafa shi wajajen 1090 domin sufaye mabiya tsarin Cluny ta Faransa, bayan wanda suka riga suka kafa a Lewes, kuma ya rayu har 1537 lokacin da Sarki Henry na 8 yake rufe irin waɗannan gidaje yana ƙwace dukiyarsu. Ba wurin ibada ba ne a yanzu, kango ne. Fuskar cocin ta yamma tana tsaye kusan da tsawonta, an ƙawata ta da jerin bakuna masu sarƙe da juna, da wata babbar taga da aka huda a ƙarni na 15. Gidan shugaban sufayen yana da rufinsa har yau saboda an ci gaba da zama a ciki bayan an kori sauran, kuma ana hawa benen a ga ɗakinsa da ɗakin addu'arsa. Abin da yara suka fi tsayawa a kai shi ne dogon ginin masai mai hawa biyu da aka ɗora a kan magudanar ruwa, mai mazauni 24. An kuma dasa lambun ganyayyakin magani da na girki irin waɗanda sufayen suke amfani da su. Ma'aikatan da na tarar sun san wurin kuma ba sa ƙosawa da tambaya, har game da fadar da ba a gabansu take ba, na'urar sauraren kuma tana tafiya da baƙo daki-daki ba tare da cika shi da surutu ba. Kuɗin shiga bai fi abin da ake samu ba, mambobin ƙungiyar kuma ba sa biya.

Saboda haka shawarata ita ce kada a fara da fadar. A fara da gidan sufaye, a ga ɗakin nuni, a sayi ɗan littafin jagora da ya haɗa wuraren uku, a yi wa ma'aikata tambayoyi, a kuma shiga makewayi, sannan a taka ta cikin ƙauyen zuwa fadar da bayanin a hannu. Wanda ya yi haka zai tsaya a bakin farfajiyar ciki ya san abin da yake nema. Rabin yini ya isa a ga komai a natse. Sassafe ko gab da faɗuwar rana ne ganuwar ta fi bayyana, domin hasken da ya zo a karkace yakan fito da kowane tudu da kwari, har da shatin gine-ginen farfajiyar waje da ba a cika ganinsu da tsakar rana ba.

Zuwa wurin ba tare da mota ba yana da wahala. Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan yana kai mutum King's Lynn cikin ƙasa da awa 2, daga can akwai bas zuwa Swaffham, amma ragowar mil 4 ɗin ba a dogara da bas a kansu, gara a shirya tasi tun da wuri, har da na dawowa. A lokacin hunturu ana rage kwanakin buɗe gidan sufayen, don haka a duba shafin ƙungiyar na intanet kafin a kama hanya. Akwai wurin shan shayi da kanti a ƙauyen, sai dai wanda yake kiyaye abincin halal ya fi masa sauƙi ya taho da guzurinsa, kuma farfajiyar waje tana da faɗin da iyali za su shimfiɗa tabarma su ci. A sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin ciyawa a kan alli santsi gare ta idan ta jiƙe. Dattawa masu ciwon gwiwa da masu amfani da keken guragu za su iya zagaya yawancin filin gidan sufayen, amma farfajiyar ciki ta fadar sai ta matakala ake kai mata, kuma masu ƙananan yara su riƙe hannunsu a kan ganuwa, domin ba ko'ina aka sa shinge ba.